Yadda kulob ɗin da ke shan kashi zai daina sayen 'yan wasa da ka

Ni ɗan Everton ne tun ina yaro, kuma Daniel Amokachi ne ya ja ni, ɗan Kadunan nan da ya taso daga Ranchers Bees, wanda ya taso daga benci a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995 ya zuba wa Tottenham biyu. Kofin da aka ɗaga a shekarar shi ne na ƙarshe da kulob ɗin ya gani. To kaga na daɗe ina kallon yadda ake sayen ɗan wasa a dace da kuma yadda ake saye a tafka asara. A gefe guda kuma ina cikin kwamitin wani ƙaramin kulob a unguwarmu, mu namu kuɗin bai wuce na but da na mota da ɗan alawus ba, amma wallahi kuskuren da naga masu fam miliyan suna yi shi ne sak wanda muke yi da 'yan dubbanmu. Shi yasa nace bari in rubuta wa duk wanda yake da hannu a ɗaukar 'yan wasa, koci ne ko ciyaman ko sakatare, abinda ya kamata ya yi tun kafin ya zaro ko sisi daga aljihu.

Abu na farko, kuma shi ne uwa uba, ka rubuta aikin da kake nema kafin ka ambaci sunan kowa. Ka zauna da koci ku ɗauki takarda da biro ku amsa tambaya ɗaya, me ke kashe mu a fili? Ba wa muke so ba, me muka rasa. In ƙwallon sama ce take cinmu kullum a kwana da firikik to ɗan baya mai tsawo mai iya sa kai muke nema. In muna riƙe ƙwallo amma babu mai gudu a bayan 'yan bayan abokan karawa to mai gudu muke nema. A rubuta shi ɓaro-ɓaro, wace ƙafa yake amfani da ita, shekarunsa kada su wuce kaza, kuɗinsa kada ya wuce kaza, sannan sai a fita farauta. Duk sunan da aka kawo wanda bai hau kan wannan takardar ba a ajiye shi gefe ko da kuwa shi ne ya fi kowa suna a gari.

Ku dubi abinda ya faru a Everton a 2017, don ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Farhad Moshiri ya sayi hannun jari a kulob ɗin a watan Fabrairun 2016, kuɗi ya shigo irin wanda bamu taɓa gani ba. A kakar 2016/17 Romelu Lukaku ya ci ƙwallo 25 a firimiya, muka ƙare na bakwai, sai aka sayar da shi wa Manchester United kan fam miliyan 75. Yanzu ko yaron da yake sayar da gyaɗa a ƙofar gidan kallo ka tambaye shi me Everton take buƙata zai ce maka lamba tara. Me aka sayo? Gylfi Sigurdsson daga Swansea kan fam miliyan 45, Davy Klaassen kyaftin ɗin Ajax kan sama da fam miliyan 23, ga kuma Wayne Rooney ya dawo gida. Su ukun nan duk waje ɗaya suke son tsayawa, bayan ɗan wasan gaba, duk lamba goma ne, duk basu da gudu, kuma shi ɗan wasan gaban da za su dinga ba ƙwallon babu shi. An ta zawarcin Olivier Giroud har kasuwa ta kusa tashi, bai zo ba, kuma babu wani na biyu da aka tanada. Sakamakon bai ɗau lokaci ba, a watan Oktoba Arsenal ta zo har Goodison Park, filinmu na lokacin, ta yi mana 5 da 2, kulob yana na 18 a tebur, washegari aka sallami koci Ronald Koeman. Klaassen wasa bakwai kacal ya buga a firimiya, ko ƙwallo ɗaya bai ci ba, bayan shekara aka sayar da shi wa Werder Bremen ta Jamus a kusan rabin kuɗin da aka saye shi. Kuma yaron ba wai bai iya ƙwallo bane fa, an sayo shi ne babu gurbin da za a saka shi.

Daga nan sai maganar wa ke da ta cewa. Wannan ku warware ta tun kafin a buɗe kasuwa, domin sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. Irin abinda ake yi a kulob ɗin da ya rikice shi ne koci ya kawo nasa, daraktan wasanni ya kawo nasa, mai kulob shi ma wani dillali ya kira shi a waya cikin dare ya kawo nasa, sai a tara su a ɗaki ɗaya ace wa koci to gasu nan ka haɗa tim. A wajenmu ma haka ne, ciyaman yana da yaronsa, wani babba da yake taimaka mana da kuɗin mota yana da ɗan ƙaninsa, kowa kuma in ka ce a'a ka zama maƙiyi. Mafita ita ce a yi ƙa'ida a rubuce, mai farauto 'yan wasa shi ke kawo sunaye, koci yana da ikon cewa bana so, mai riƙe da kuɗi yana da ikon cewa ba zamu iya ba, amma babu wanda yake da ikon ɗaukar ɗan wasa shi kaɗai. Ko mai kulob ne. Musamman ma mai kulob.

Sannan salon wasa ya zama na kulob ne ba na koci ba, koci ake nemowa ya dace da salon. A zamanin Moshiri an sallami Roberto Martinez, aka kawo Koeman, sai Sam Allardyce, sai Marco Silva, sai Carlo Ancelotti, sai Rafael Benitez, sai Frank Lampard, sai Sean Dyche. Duk wanda ya san ƙwallo ya san waɗannan mutanen ba ƙwallo ɗaya suke bugawa ba, wannan na son a ajiye ta ƙasa a yi ta fasin, wancan na son a ɗaga ta sama a bi ta da gudu, kuma kowanne ya zo sai an saya masa nasa yaran, ya tafi ya bar su da kwantiragin shekara huɗu ko biyar, mai zuwa kuma baya son su. Wanda ya fi bani takaici shi ne na Lucas Digne, ɗan bayan gefen hagu mai kyau, ya samu saɓani da Benitez, aka sayar da shi wa Aston Villa a watan Janairun 2022, kwana uku bayan nan aka kori shi Benitez ɗin. An rasa ɗan wasa don a faranta wa kocin da bai ƙara ko sati ba. In kocinku yana kan siraɗi, kada ku saya masa kowa kuma kada ku sayar masa da kowa sai kun yanke shawara a kansa shi tukunna.

To yanzu mu zo kan ainihin aikin, kallon ɗan wasa, anan zan ɗan daɗe domin anan mafi yawanmu muke faɗuwa. Ɗan uwa kada ka taɓa ɗaukar yaro saboda bidiyon minti uku da aka turo maka a WhatsApp. Wannan bidiyon wanda yake son sayar maka da shi ne ya haɗa shi, ya tsinto yanka biyar da ƙwallo huɗu daga wasa talatin ya ɗora kiɗa a kai, ba zai nuna maka inda yaron ya tsaya yana riƙe da ƙugu an wuce shi ba, ba zai nuna maka fasin goman da ya zubar ba. Ni wannan ya taɓa cina. Wata shekara a gasar da ake yi bayan sallah naga wani yaro ya ci huɗu a wasa ɗaya, fili ya kaure da ihu, a daren na kira ciyaman nace in bamu ɗauke shi gobe ba wasu za su riga mu. Muka saya masa but, muka yanka masa kuɗin mota, kuma don a samar masa gurbi muka saki wani yaro shiru-shiru da yake tsaya mana a tsakiya yana ƙwato ƙwallo. Sati uku ba a yi ba muka gane wanda muka ɗauko baya zuwa tirenin sai ranar da ya ga dama, baya dawowa baya ya taya makin, in aka canja shi sai ya yi jifa da ledar fiya wata ya wuce ko hannu ba zai ba koci ba. Shi kuma wanda muka sallama sai da ya tafi muka san aikin da yake yi, tsakiyarmu ta zama kamar titi kowa wucewa yake. Har yanzu ina jin nauyin yaron nan in mun haɗu, domin zaluntarsa muka yi kuma ni ne sila.

Tun daga lokacin na ɗora wa kaina ƙa'ida. Bana kawo sunan kowa gaban kwamiti sai na kalle shi ido da ido aƙalla sau huɗu ko biyar, kuma ba irin wasa ɗaya ba. Ka ganshi a gidansu inda 'yan kallo ke bayansa, ka ganshi a waje inda ake zaginsa, ka ganshi ranar da tim ɗinsu ke cin wasa, sannan mafi muhimmanci ka ganshi ranar da aka zuba musu biyu tun kafin hutun rabin lokaci, a ranar ne zaka san ko namiji ne. Kaje fili da wuri kafin a fara, ka tsaya ka kalli yadda yake ɗumama jiki, da gaske yake yi ko hira yake da abokai. Kada ka sanar da kowa ka zo kallonsa. Ka nemi waje mai ɗan tudu ko bayan raga inda zaka ga faɗin fili, ka riƙe ɗan littafi, kuma ka yi abinda ya fi wuya, wato ka cire idonka daga kan ƙwallo ka ɗora a kansa na tsawon minti goma sha biyar cur. Ƙwallon tana can ɗaya gefen, shi me yake yi? Yana waiwayawa ya duba bayansa kafin a bashi fasin, ko sai ta zo ƙafarsa sannan ya fara tunani? In ya zubar da ita yana binta da gudu ko hannu yake ɗagawa yana wa wani faɗa? Taɓawarsa ta farko tana kai shi gaba ko tana mayar da shi cikin matsi? Ƙafarsa ta biyu ta tsayuwa ce kawai ko tana aiki? Bayan minti saba'in har yanzu yana iya gudu? Ni a littafina layi biyu nake ja, ɗaya na abinda ya yi da ƙwallo ɗaya na abinda ya yi babu ƙwallo, kuma na biyun ne yake yawan yanke min hukunci. In da hali ka tura wani daban shi ma ya kalla ba tare da ka faɗa masa ra'ayinka ba, in kun dawo ku haɗa littafi.

Wani amfanin zuwa fili da kanka shi ne sau da yawa wanda kaje nema ba shi zaka dawo da shi ba. Steve Walsh, wani mai farauto 'yan wasa, lokacin yana Leicester yaje kallon Ryan Mendes ne a Le Havre, a rukuni na biyu na Faransa, sai idonsa ya faɗa kan wani siririn yaro Riyad Mahrez, aka saye shi a 2014 kan kuɗin da bai kai rabin fam miliyan ɗaya ba. Shi ne dai ya tsaya kai da fata aka ɗauko N'Golo Kante daga Caen a 2015 kan ƙasa da fam miliyan 6, ga Jamie Vardy da aka ɗauko daga Fleetwood kan fam miliyan 1 a 2012, da waɗannan aka ɗauki firimiya a 2016. Abin lura anan shi ne wannan Walsh ɗin dai shi Everton ta ɗauko a 2016 ta bashi daraktan wasanni, kuma a hannunsa aka yi ɓarnar 2017. Idonsa bai makance ba, a Leicester yana cikin tsari ne inda kowa ya san aikinsa kuma kuɗi kaɗan ne dole a yi taka-tsantsan, a Everton kuma ya tarar da kuɗi zube da baki da yawa. Don haka kada ku ɗauka in kun kawo mutum ɗaya mai ido shikenan kun warke.

Alƙaluma kuwa ku yi amfani da su, amma a matsayin rariya, su tace muku sunaye ɗari su koma goma, sannan ido ya ƙarasa. Kuma kullum ku tambaya a wace gasa aka ci ƙwallayen nan, da wane irin abokan wasa, nawa ne fenariti a ciki. Sandro Ramirez ya ci 14 a La Liga da Malaga, ya zo Everton ƙwallo ɗaya tak ya ci. Cenk Tosun yana zura su a Besiktas ta Turkiyya, aka biya fam miliyan 27 a Janairun 2018 cikin gaggawar toshe ramin da Lukaku ya bari, ƙarshe a 2022 kyauta ya koma inda ya fito. Mu da bamu da kwamfuta da manhaja, ko yaro ɗaya ka zaunar da takarda yana ƙirga ƙwallon da ɗan wasa ya ƙwato da wadda ya zubar, ya fi ace babu.

Kafin a sa hannu akwai bincike na bayan fili, kuma wannan ba a yinsa a wajen dillali ko a wajen wanda zai ci riba in cinikin ya faɗa. Ka nemi tsohon kocinsa, ba na yanzu ba wanda ƙila so yake ya rabu da shi. Ka nemi wanda suka taɓa wasa tare, ka nemi mai kula da kayan tim, don shi ya fi kowa sanin wanda ke zuwa a makare da wanda ke raina mutane. Ka tambaya me ya raba shi da kulob ɗinsa na baya, in kaji ya canja kulob huɗu a shekara biyu kuma kullum su ne masu laifi to ka kama kanka. Maganar rauni ma ka bi ta a hankali, gwiwa da cinya da agara, sau nawa ya kwanta, wata nawa. Wani lokacin ƙaddara ce kawai, Jean-Philippe Gbamin lafiyarsa ƙalau a Mainz, Everton ta biya fam miliyan 25 a 2019 don ya maye gurbin Idrissa Gueye, wasa biyu ya buga cinya ta tashi, yana shirin dawowa agara ta tsinke, wannan babu wanda zai ce ya hango. Amma wanda ka sani yana da tsohon ciwo ka rufe ido ka ɗauka, kowa ya sayi rariya ai ya san zata zubar da ruwa. Sai shekaru, mu anan mun san akwai shekarun haihuwa akwai shekarun ƙwallo, ka nemi takardar firamare ko ka tambayi sa'anninsa a unguwa, don yaro ɗan 17 da yake fin sa'anninsa daban yake da ɗan 24 da yake murƙushe ƙannensa. Takardu ma haka, Everton ta sayi Henry Onyekuru daga Eupen ta Beljiyam a 2017, bai samu izinin aiki a Ingila ba, aka yi ta tura shi aro Anderlecht da Galatasaray har aka sayar da shi wa Monaco a 2019 ko minti ɗaya bai buga mana ba.

Kuɗi yanzu. Kafin ka shiga ciniki ka rubuta iya inda zaka tsaya, in an wuce nan ka tashi ka kaɗe rigarka, kuma wannan ba zai yiwu ba sai kana da na biyu da na uku a takarda. Wanda yake da mutum ɗaya tak a rai shi ake yi wa tsada, Swansea ta gane Everton ta nace wa Sigurdsson shi yasa ta ja cinikin har tsakiyar Agusta ta karɓi abinda take so. Kuma ka sani kuɗin saye ba shi ne ke kashe kulob ba, albashi ne. A lissafin Turai in ka sayi ɗan wasa fam miliyan 45 kan kwantiragin shekara biyar, ana rubuta miliyan 9 ne duk shekara a littafi, ga albashinsa a kai duk sati, ko yana wasa ko yana benci ko yana gadon asibiti. In ɗan shekara 27 ko 28 ka saya, lokacin da kwantiragin zai ƙare babu mai sayensa, kuɗin ya tafi kenan. Ka tara irin waɗannan goma a tim ɗaya kaga inda za a kwana. A Everton sai da albashi ya dinga cinye kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin shiga. Dokar firimiya ta lokacin ta yarda kulob ya yi asarar fam miliyan 105 ne a shekara uku, Everton aka lissafa mata miliyan 124.5, a watan Nuwambar 2023 aka zaftare mata maki 10, bayan ɗaukaka ƙara aka mayar 6, a Afrilun 2024 aka ƙara cire 2. An kashe sama da fam miliyan 500 kan 'yan wasa, abinda aka samu shi ne a Mayun 2023 muna zaune a gidan kallo hannu a ka muna jiran ƙwallon Abdoulaye Doucoure a ragar Bournemouth a wasan ƙarshe don kada kulob ɗin da bai sauka daga rukunin farko ba tun da ya hau a 1954 ya faɗa 'yan dagaji. Ku ma a naku matakin haka ne, kada ku yi wa sabon zuwa alƙawarin alawus ɗin da ya ninka na tsofaffin yaranku, ranar da suka ji, kuma za su ji, tim ta rabu biyu.

Abin haushin shi ne kulob ɗin nan ya san hanya, ya taɓa binta lokacin da bashi da kuɗi. David Moyes, kocin Everton a wancan lokacin, an san shi da nacin kallon ɗan wasa sau da yawa kafin ya yarda, har ana masa tsiya wai yana jan ƙafa, amma shi ya ɗauko Tim Cahill daga Millwall kan fam miliyan 1.5 a 2004, shi ya ɗauko Seamus Coleman daga Sligo Rovers ta Ailan kan fam dubu 60 a 2009, yaron ya zama kyaftin ya buga wasa sama da 400. John Stones daga Barnsley aka ɗauko shi a 2013 kan kusan fam miliyan 3, aka sayar wa Manchester City kan 47.5 bayan shekara uku. To ku dinga leƙa ƙasa da ku, rukunin da ke bayanku, gasar makarantu, ƙauyukan da babu mai zuwa, can ne mai ƙaramin ƙarfi yake samun rabonsa, ba wajen tsofaffin da manyan kulob suka gama tatsa ba.

Sayen kuma ba shi ne ƙarshen aiki ba, wannan mutane suna mantawa. Yaro ya baro garinsu ya zo inda bai san kowa ba, a ina zai kwana, me zai ci, wa zai ja shi a jiki, kuma wane tsari aka yi masa na shiga tim a hankali? Ademola Lookman Everton ce ta tsinto shi daga Charlton a Janairun 2017, wasansa na farko ya ci Manchester City, farauta ta yi kyau kenan. Amma koci ya canja, ya canja, babu wanda ya bashi wasa a jere, ya gaji ya tafi Leipzig. Shi ne a Mayun 2024 ya ci uku rigis a wasan ƙarshe na kofin Europa da Atalanta ta doke Bayer Leverkusen, a ƙarshen shekarar aka bashi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Moise Kean kuwa yana ɗan 19 aka kawo shi daga Juventus, a Old Trafford a Disambar 2019 aka saka shi daga benci aka sake cire shi kafin ya yi minti ashirin, a gaban duniya, da aka bada shi aro PSG ya ci 13 a gasar Faransa. Ku kwatanta da Brighton, ta sayi Moises Caicedo daga Independiente del Valle ta Ekwado a 2021 kan kusan fam miliyan 4 da rabi, bata jefa shi cikin wuta ba, ta tura shi aro Beljiyam ya ɗan goge, ta dawo da shi lokacin da gurbi ya samu, a 2023 Chelsea ta saye shi kan cinikin da ya kai miliyan 115. In kun ɗauki ƙaramin yaro ku faɗa masa gaskiya tun ranar farko, wata nawa zai yi yana koyo, yaushe zai fara shiga, kuma ku cika.

Kullum kuma ku zauna da shirin rabuwa da wanda ya fi kowa a tim ɗinku, don in ya yi kyau tafiya zai yi, ba a hana shi. A kowane gurbi a samu suna uku a littafi da ake bibiya duk kaka ko ba a buƙatarsu yanzu. Brentford ta sayi Ollie Watkins daga Exeter kan fam miliyan 1.8, a 2020 ta sayar wa Aston Villa kan 28, kafin ma ya fita ta riga ta kawo Ivan Toney daga Peterborough, ya ci 31 a kakar ya hau da su firimiya. Everton kuwa ta sayar da Richarlison a 2022, ta sayar da Anthony Gordon a Janairun 2023 ana tsakiyar fafutukar tsira, aka rufe kasuwar watan ko mutum ɗaya ba a kawo ba.

Ga 'yan uwana masu ƙananan kulob da akadami, duk yaron da kuka ɗauka ku yi masa rajista a hukumar ƙwallo ta jiharku, da sunansa na gaskiya da ranar haihuwarsa ta gaskiya, ku ajiye kwafi da hoto. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa don a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, amma wanda sunansa yake a rajista shi ake biya, ba wanda ya ce ai kowa a unguwa ya san ni na koya masa ba. Haka kuma dokar ta hana fitar da yaro ƙasar waje kafin ya cika 18 in banda wasu 'yan sharuɗɗa, don haka duk dillalin da ya zo muku da maganar zai kai ɗan 15 Turai gwaji in iyayensa sun haɗa kuɗin biza, ku kira mahaifin yaron ku zaunar da shi ku faɗa masa kada ya sayar da gonarsa.